Yadda Aka Raba Hannun Goggo Tasalla

Ku gyara zama, ku masu son labarin nesa. Wanda ya zo da aiki ya ajiye shi, wanda ya zo da gardama ya rataye ta a ƙofa, in ya tashi fita ya ɗauki abarsa. Ni ne Dogara ɗan Nomau, mutumin Ƙwarin Gawo. Na taka ƙasashen da ba su da suna a bakin fatake, na sha ruwan da ban san mafarinsa ba, na kuma tsaya gaban alƙali ina roƙo a ƙara mini laifi.

Abin da ya fitar da ni daga gida ƙafar ƙanwata Yalwa ce. Ta faɗo daga kan ɗorawa ta karye a ƙwauri, wani mai karambani ya ɗora mata. Ƙashi ya kama, amma a karkace ya kama. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma dogara sanda, in sanyi ya sauko kuma zogi ya hana ta sakat. Ba ta taɓa kuka a gabana ba. Tsokana ma take yi, wai ita kaɗai ce a garinmu ke tafiya kudu ƙafarta na duban gabas. Wannan dariya tata ta fi kuka ci mini rai. Ranar da wani falke ya ba ni labarin Goggo Tasalla ta Birnin Rimaye, tsohuwar da ke miƙe ƙashin da ya riga ya kama a karkace, bai gama shan furarsa ba na ɗaure kayana.

Na ratsa ƙasar da duwatsunta ke fita kiwo da hantsi su dawo da la'asar. Ban san haka suke ba, na sami wani mai faɗi na kishingiɗa a kansa, barci ya sace ni. Na farka na gan ni a bakin tafki, dutsen ya sunkuya yana shan ruwa. Na sauka na yi masa godiya, don ya rage mini hanya ƙwarai.

Daga nan na faɗa hannun mutanen Taka-Mini, waɗanda kirkinsu ya kusa halaka ni. In baƙo ya tashi tafiya, gari duka ke raka shi har iyaka. In an isa sai su ce ai bai kamata baƙo ya bar masu masaukinsa su koma su kaɗai ba, dole ya rako su gida. Da ya rako su ya sake zama baƙo mai shirin tafiya, sai a sake raka shi. Na tarar da wani da ya zo sayar da gishiri yana saurayi, ga shi nan da furfura, ana kai shi ana dawo da shi. Da na ga tafin ƙafata ya fara ƙarewa a banza, muna isa iyaka na dafe ciki na ce zan ɗan zagaya bayan sabara. Wannan tafiya kaɗai ce ba su yi wa mutum rakiya. Ina jin har yau suna can tsaye suna jira na, Allah ya ba su haƙuri.

Birnin Rimaye ba a ƙasa yake ba. Rimaye ne manya, gindin kowanne ya fi garinmu faɗi, ƙarƙashinsu kuwa fadama ce mai laka da kadoji. Mutane sun yi gidajensu da kasuwarsu da masallacinsu a kan rassa, hawa bisa hawa. Mai son hawa ko sauka sai ya shiga kwando, a ɗora igiyarsa a kan wani reshe mai santsi, ƙato ɗaya ya tsaya yana ja ko yana sassautawa. Garin da kowa ke kwana a sama ba ya rasa karaya, saboda haka ƙofar Goggo Tasalla ba ta rabuwa da mutane.

'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma bakinta barkono ne tsagwaronsa. Na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata abin da ke tafe da ni.

Ta ce, "Ka gama? To, ɗan nan, ba na koyarwa. Na taɓa koya wa wani, ya tsere da rabin sani, yana can yana gurgunta bayin Allah da sunana. Kawo ƙanwar taka in duba."

Na ce, "Goggo, ni mai ƙafa biyu ma da ƙyar na iso."

Ta ce, "To Allah ya ba ta lafiya. Matsa, ka tare mini haske."

Amma ban tafi ba. Na zauna a garin ina share mata ƙofa kullum, ita kuwa tana tsallake ni kamar tabarma.

Akwai abu ɗaya da ba wanda ya gaya mini. A Birnin Rimaye ba a miƙa hannu in za a gaisa, domin yawancin hannuwan garin suna riƙe da igiyar da ke riƙe da ran wani. Hannu a baya ake gaisuwa. Ni kuwa a garinmu in ka wuce mutum ba ka ba shi hannu ba, sai ƙararka ta riga ka isa gida. Ina ta miƙa hannu, suna ta kaucewa suna ƙunshe dariya, ni kuma na ɗauka girman kai ne irin na mutanen birni.

Ranar kasuwa Goggo ta shiga kwando za ta sauka hawan ƙasa, ta ɗora wani tsohon turmi a gefenta za ta kai gyara. Mai riƙe da igiyar wani ƙato ne mai suna Cindo, mutum mai kunya kamar sabon ango. Na iso yana cikin sassautawa, na washe baki na ce, "Sannu da aiki, ɗan'uwa!" Na miƙa masa hannu. Ya dubi hannun, ya dubi fuskata. Tun da uwarsa ta haife shi ba wanda ya taɓa miƙa masa hannu, kunya ta hana shi barin nawa a iska. Ya cire hannun dama daga igiya ya kama nawa.

Igiya ta zurare. Cindo ya kai mata cafka da ƙarfinsa duka, kwando ya yi tsalle, sai muka ji tas, ta tsinke! Allah ya taimaka a kan tarin audugar rimi Goggo ta faɗa, ba a fadama ba. Amma turmin ya bi ta ya sauka a kan damtsenta na dama. Tun daga sama muka tabbata tana da rai, don ba wanda ba ta zaga ba.

A garin nan shari'ar rauni ba ta kwana. Kafin azahar an tara mu gaban Alƙali Jatau, wani dogon dattijo mai magana a hankali kamar yana tsinke gashin gemunsa ɗaya-ɗaya. Goggo na zaune a gefe, ta naɗe hannun a mayafi. Aka kawo guntun igiya aka warware. Sai ga ruɓaɓɓiyar rama a cusa cikin sabuwa, aikin Tunau mai tufka, attajirin garin. A daidai inda ta tsinke kuma ga shaidar haƙora, aikin akuyar wata mata Tabawa, wadda an sha gaya mata ta daina sakin ta kusa da igiyoyi.

Tunau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, igiyata ta daɗe tana aiki. Akuya ce ta cinye ta."

Tabawa ta ce, "Ɗan lasa ta yi fa! Da Cindo bai saki ba, me zai faru?"

Cindo ya sunkuyar da kai ya ce, "Hannu aka ba ni."

Ni kuma na ce, "Gaisuwa na yi."

Alƙali ya saurare mu duka. Ya sa aka cika buhu da yashi daidai nauyin Goggo, aka sa a kwando tare da turmin, aka shiga gwaji a gaban kowa. Da igiya mai kyau, Cindo ya saki ya cafke, kwando ya yi tsalle bai faɗi ba. Da irin tufkar Tunau wadda akuya ba ta taɓa ba, ta yi ƙara amma ta riƙe. Aka ba akuyar wata igiyar Tunau ta tauna, aka cire turmi daga kwando, nan ma ta riƙe. Sai da aka haɗa ruɓaɓɓiyar rama da haƙorin akuya da turmi da sakin hannu, sannan buhu ya tafi ƙasa. Nan fa kowannenmu ya hau murna, kowa na cewa an gani, nasa shi kaɗai bai kayar da ita ba.

Alƙali ya ce, "Gaskiya ne. Kuma da ɗayanku ya bar nasa, da yanzu tana kasuwa tana yi wa masu daddawa faɗa. Ba wanda ya karya ta shi kaɗai, ba kuma wanda zai zame."

Tunau ya ce to a kamo duk waɗanda suka ga baƙo yana miƙa hannu suka yi dariya ba su gaya masa ba. Alƙali ya ce in aka bi ta nan sai an tono kakan da ya shuka rimin. Shari'a ba za ta wuce waɗanda suka taɓa igiya da kwando da mai riƙe da su ba.

Sai ya faɗi dokar garin. Ba a biyan rauni da dukiya. Wanda ya karya hannu shi ne zai zama hannun har ya warke, in masu laifi suna da yawa kuma a raba musu yatsu gwargwadon nauyin abin da kowa ya yi. Ya ɗaga tafinsa. Babban yatsa na Tunau ne, don shi yana sane ya yi. Manuni na Cindo, don shi aka ba amana. Na tsakiya na Tabawa. Ya tsaya a kan yatsan zobe, ya dubi mai ciwo.

"Wannan naki ne, Goggo. Yaran garin nan ma sun san ba a shiga kwando da turmi."

Ta buɗe baki, ta rufe. Ranar ce kaɗai na ga haka.

"Ƙaramin kuwa na baƙo ne, don bai sani ba, amma yana da ido, ya ga mutum riƙe da igiya."

Na yi ajiyar zuciya, har na fara godiya. Sai alƙali ya shiga bayanin aikin kowane yatsa. Babba da manuni su ne za su shiga ɗakin ɗori, su ja ƙashi su ɗaure bisa umarninta. Na tsakiya daka magani. Ƙarami kuwa korar ƙuda, da sosa kunne, da ɗanɗana gishirin miya. Ga ɗakin da na ratsa duniya don in shiga, za a tura mutum biyu da ba su so, ni a bar ni a waje da mafici.

Na yi wuf na miƙe na ce, "Allah ya gafarta Malam, an cuce ni! Wallahi laifina ya fi haka. Ni na fara. Ba don hannuna ba, da Cindo na nan riƙe. A ba ni babban yatsa, in an ga dama a haɗa mini da manuni."

Tunau ya ce shi dai ya yarda. Goggo kuwa ta ƙanƙance ido ta dube ni.

Ta ce, "Af, yanzu na gane. Na hana shi ilimi, shi ne ya karya ni don ya shiga ɗakina. Malam, da gangan ya yi."

Ashe hukuncin ganganci daban ne. Ba a raba shi da kowa. Mai shi ake sawa a kwando a sauke shi fadama wurin kadoji, a janye igiya. Na ga mutum biyu sun fara duban kwando. Na tuna Yalwa tana can tana duban hanya.

Cindo ne ya cece ni. Ya ɗago kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tun da ya zo kowa yake miƙa wa. Ya miƙa wa liman yana alwala. Jiya na gan shi ya miƙa wa mai ɗauke da tulu biyu. Wawa ne, amma ba mugu ba ne."

Jama'a suka shaida, kowa na kawo tasa. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Alƙali ya ce in zauna, ba a ƙara wa mutum laifi don yana sha'awa, kamar yadda ba a rage masa don yana kuka. Ƙaramin yatsa aka auna mini, shi zan riƙe.

Sa'an nan ya ce, "Saura abu ɗaya. Mai ciwo ba ta bin gida-gida tana haɗa yatsu. Doka ta ba ta dama ta kama ɗayanku, wanda ta so, ya zama hannun gaba ɗaya. Shi kuma ya bi sauran ya karɓi rabonsu. Goggo, kama naki."

Kowa ya san mai hali ake kamawa, don haka gumi ya karyo wa Tunau. Goggo ta warware mayafin a hankali. Damtsen ya kumbura ya lanƙwashe, ga shi duk garin ba wani mai ɗori sai ita. Tunau ya ɗaga kai yana ƙirga ganye. Tabawa ta rufe fuska. Cindo yana duban idonta yana ba ta haƙuri. Ni kuwa na manta da kowa, na matso ina leƙen inda ƙashin ya turo fata.

Ta ce, "Baƙo, zo nan. Na kama ka. Ba don ina ƙaunarka ba, kada ka ji daɗi. Su duka sun kau da ido daga ciwon, kai kaɗai kake kallon hannun."

Ƙashin farko da na ɗora a duniya nata ne. Cindo ya riƙe kafaɗa, ni na kama gwiwar hannu. Tana cewa, "Ja! Na ce ja, ba shafa ba, ɗan banza! Karkata dama. Damarka, ba tawa ba!" Sai na ji wani abu ya koma mazauninsa a ƙarƙashin yatsuna. Na jera tsagin kara na ɗaure. Ta share gumi, ta daɗe tana duban aikin, ta ce, "Ba laifi." Mutanen garin sun ce ba su taɓa jin ta yabi wani haka ba.

Na shiga bin rabona. Tunau ya so ya sallame ni da buhun gero, na ce doka ba ta san gero ba. Na zaunar da shi yana tufka zaren ɗori a gabana yana riƙe ƙafafun majinyata, har ya san yadda karaya ke wari. Tabawa ta yi daka, ta kawo nono, akuya kuma ta sha ɗauri. Cindo bai jira na tambaya ba, shi ke ɗebo ruwa, shi ke goyo marasa lafiya.

Amma Goggo ta fi ni wayo. Ta mai da ni kamar muciya a hannunta: ja, danna, saki, ɗaure. In na ce don me, sai ta ce hannu ba ya tambaya. Duk mai tsohuwar karaya da ya zo, irin ta Yalwa, sai ta ce ya dawo in ta warke. Ga hannun nata kuwa kullum sai ƙara kyau yake, har ta fara motsa yatsu. Duk ranar da aka kwance karan, aikina zai ƙare, in koma gida da ja da danna. Na shiga wani hali, ina murna ɗorina ya kama, ina baƙin cikin saurin kamawarsa.

Wata safiya ina ɗaure ƙafar wani, na dubi hannuna na ga da yatsu biyar nake aiki. Na gama, na wuce wurin Alƙali Jatau. Ya sa aka kira Goggo.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, Tunau ya biya, Cindo ya biya, Tabawa ta biya, nawa ina kai. Yatsan zobe fa? Tun ranar farko ni ke ɗauke da shi, mai shi ba ta ba ni komai ba."

Goggo ta ce, "Kai, ka ji ɗan nema! Da wane hannun zan biya?"

Alƙali ya shafa gemu ya ce, "Wanda ya rasa hannu yana biya da abin da ya rage masa lafiya. Me ya rage miki lafiya, Goggo?"

Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Bakinta!"

Na ce shi nake so. Duk lokacin da na ce don me, ta amsa. Masu tsohuwar karaya kuma a kira su tun ina hannunta. Ta dube ni, ta dubi alƙali, na ɗauka za ta jefe ni da takalmi. Sai ta tuntsire da dariya har tana riƙe damtse.

Ta ce, "Ka ci ni, ja'iri. Amma ka ji sharaɗina. Ba za ka bar garin nan da rabi ba. Ko hannuna ya warke, sai na ce ka isa."

Da yamma ta zaunar da ni, a karo na farko ba faɗa a muryarta. Ta ce, "Kana zaton asirin abin wani man shafawa ne, ko wata saiwa. Babu. Ƙashin da ya kama a karkace karya shi ake sake yi, a daidai inda ya haɗu, da hannunka, mai shi yana kallon ka. In ka kuskure wurin, ka ƙara masa wata karayar a kan ta da. Wancan da ya tsere, karyawar ya koya, bai tsaya ya koyi neman wurin ba."

Na zauna har damina ta wuce. Na koyi lalubo gaɓar da yatsa ido a rufe, na karya, na miƙe, na ɗaure, tana tsaye a kaina tana amsa kowace tambaya da zagi ɗaya da bayani biyu. Ranar da ta ce na isa, ba ta rako ni ba. Ta dai leƙo ta ce wa Cindo ya riƙe da hannu biyu.

Na iso Ƙwarin Gawo na tarar Yalwa ta rame, amma bakin yana nan. Na gaya mata gaskiyar abin da za a yi, ban rage komai ba. Na ɗora ƙafar a cinyata, na lalubo wurin, na same shi. Sai na kasa. Na waiga hagu da dama, ba Tunau, ba Cindo, ba akuya, ba alƙalin da zai raba. In abin ya ɓaci, yatsu biyar ɗin duk nawa ne. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a bakin fadamar kadoji.

Yalwa ta ce, "Yaya, ka je ƙarshen duniya ka dawo don ka zauna kana shafa mini ƙafa? Karya mana."

Na yi bisimilla na karya.

Da kaka ta sake zagayowa, ina gona ina yankan dawa, na ɗago na hango mace tafe a kan kunyar gona da ƙwarya a ka, hannuwanta biyu suna lilo. Sai da ta matso na gane Yalwa ce, ba sanda. Ta sauke ƙwaryar tana mitar wai na zaɓi gona mai nisa don in wahalar da ita. Ta dube ni, ta ce, "Yaya, kuka kake yi?"

Na ce hayaƙi ne.

Ta ce, "Ba wuta a gonar nan. Zauna ka ci tuwonka."